Kewar Wayar da Ke Zuwa da Makullinta

A watan Nuwamban 2009 kamfanin Nokia na ƙasar Finlan ya fitar da wata waya mai suna N900. Kaurinta ya kai milimita 18, wato ninki biyu na yawancin wayoyin yau, kuma idan ka tura fuskarta sama da babban yatsa sai madannai layi uku su fito daga ƙarƙashi. Gilashinta irin na da ne, wanda sai an ɗan danna shi da farce ko da tsinken robar da ke soke a gefenta. A bayanta, kewaye da kyamara, akwai 'yar ƙafa da ake buɗewa a jingine ta a kan tebur. Amma masu ƙaunarta ba waɗannan suka fi tunawa ba. A cikin manhajojin da ta zo da su daga masana'anta, tare da agogo da kalkuleta, akwai wata mai suna X Terminal. Ka taɓa ta, sai fili ya buɗe babu hoto babu ado, 'yar alama kawai tana jiran ka rubuta umarni. Idan ka sauke wata ƙaramar manhaja daga rumbun masu sa-kai, wanda Nokia ta san da shi kuma ta yarda da shi, ka rubuta kalmomi biyu, shi ke nan, ka zama mai cikakken iko a kan wayar. Babu fayil ɗin da ba za ka iya buɗewa ba, babu wanda ba za ka iya gogewa ba, har da wanda idan ka goge shi wayar ba za ta sake tashi ba.

Wannan ikon shi ne masana ke kira rut. A sauƙaƙe, shi ne bambancin maigida da ɗan haya. Ɗan haya zai iya shimfiɗa darduma ya rataya labule, amma ba zai fasa bango ya fitar da taga ba, kuma akwai ɗakunan da makullinsu yake hannun wani. N900 ta miƙa wa wanda ya saye ta makullan a ranar farko.

Yau shekaru fiye da goma sha biyar ke nan, kuma har yanzu akwai mutanen da ke ajiye da ita a aljihun tebur, suna nemo mata batir, suna rubuta mata sabuwar manhaja. Hausawa sun ce wanda ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. To me ya ɓata wa waɗannan mutane bana, alhali wayar naira dubu ɗari ta yau ta fi N900 sauri da kyan hoto nesa ba kusa ba? Kuma barar da suke bege, ta kai yadda suke faɗa?

Sai mun koma baya kaɗan. Kowace manhaja tana da rubutun asali, wanda ɗan Adam ya rubuta kuma wani ɗan Adam zai iya karantawa, kafin a juya shi zuwa lambobin da na'ura kaɗai ke ganewa. Yawancin kamfanoni suna ɓoye wannan rubutu kamar yadda mai magani ke ɓoye haɗinsa. A 1983 wani Ba'amurke, Richard Stallman, ya fara fafutukar cewa mai amfani da manhaja yana da haƙƙin ya yi aiki da ita yadda ya so, ya karanta rubutunta, ya gyara, ya kuma raba wa wasu gyaran da ya yi. A 1991 wani ɗalibi a birnin Helsinki, Linus Torvalds, ya fara rubuta Linux, wadda ta zama zuciyar irin waɗannan buɗaɗɗun manhajoji. A kan kwamfuta abin ya karɓu, domin duk wanda ya sayi kwamfuta zai iya goge abin da ta zo da shi ya ɗora wani. Tambayar da ta taso a tsakiyar shekarun 2000 ita ce: tunda waya ta kama hanyar zama kwamfutar aljihu, me zai hana ita ma a yi mata haka?

Waɗanda suka fi kowa ɗaukar tambayar da gaske su ne mutanen Openmoko, wani shiri da ya fito daga kamfanin FIC na Taiwan a ƙarƙashin jagorancin Sean Moss-Pultz. Wayarsu ta farko, Neo 1973, ta fito a Yulin 2007, kwanaki kaɗan bayan iPhone ta farko ta shiga kasuwa. Sun sa mata wannan suna ne don tunawa da shekarar da Martin Cooper na Motorola ya yi kiran farko da wayar hannu, suna nufin an zo sabon mafari. Bayan shekara guda suka fitar da Neo FreeRunner a kan dala 399. Ba su tsaya a buɗe manhaja ba. Sun wallafa zanen hanyoyin lantarkin da ke cikin wayar, har da zanen murfinta, don wanda yake da injin ƙira ya ƙera nasa. Mutum zai iya ɗora mata tsarin Linux na Debian yau, gobe ya goge ya gwada Qtopia, jibi ya gwada wata da wasu 'yan sa-kai suka haɗa mai suna SHR.

Niyya ta yi kyau, amma waya ba ta yi ba, kuma duk mai son gaskiya sai ya faɗi haka. Neo 1973 ta isa hannun masu saye da manhajar da ko kira ba ta iya yi yadda ya kamata. FreeRunner ba ta da kyamara, ba ta da 3G, a watan da Apple ya fitar da iPhone mai 3G ya kuma buɗe kantin manhajojinsa. Batirinta ba ya jimawa. Wanda ka kira yakan ji wani zuzu a kunnensa, kuma maganin abin shi ne a buɗe wayar a liƙa wani ɗan ƙaramin kayan lantarki kusa da makirufo da dalma. A wasu biranen Turai masu wayar sun riƙa haɗuwa, wanda ya iya liƙi ya gyara wa waɗanda ba su iya ba. Wannan zama na gyaran zuzu yana burge ni har yau, domin ya nuna irin zumuncin da ke tsakaninsu. Sai dai uwar da ke son ta kira ɗanta a makaranta ba za ta sayi wayar da sai an kai ta wurin maƙeri kafin a ji muryarta ba. A Afrilun 2009 Openmoko ta dakatar da aikin wayarta ta gaba.

Nokia ta bi wata hanyar, a hankali kuma da kuɗi a hannu. Tun 2005 ta fara fitar da ƙananan alluna na shiga intanet, 770, sai N800, sai N810, dukkansu a kan wani tsari mai suna Maemo da aka gina a kan Debian. N900 ce ta farko a gidan da ke ɗaukar layin kira. Ita kam waya ce ta sosai: kyamara mai megafiksel 5 da gilashin Carl Zeiss, ma'ajiya mai gigabait 32 a lokacin da wannan abin mamaki ne, da manhajar shiga intanet da ke buɗe shafuka kamar na kwamfuta. Abin da ya sa ta zama abin labari shi ne abin da masu ita suka yi da ita. Ta fito ba ta iya aika saƙon hoto na MMS, sai wani mai sa-kai ya rubuta manhajar da ta toshe wannan giɓi, kowa ya sauke kyauta. Injinta yana gudu a megahaz 600, sai wasu suka sake gina zuciyar tsarin suka tura shi har kusan 1,000. Wasu suka sa ta karɓi filashi da madannan kwamfuta ta kafar caji, aikin da kamfanin bai ce za ta yi ba. Tana da na'urar watsa sauti zuwa rediyon FM, ka sa waƙa a waya ka kamo ta a rediyon mota. Tana da idon infrared, aka mai da ita rimot na talabijin. Bayan Nokia ta daina aiko mata da gyare-gyare, jama'arta suka ci gaba da fitar da nasu.

Akwai wani ɗan abu da ya fi duk waɗannan taɓa ni. Tsarin madannan N900 yana cikin wani fayil na rubutu zalla, layi bayan layi, kowane maɓalli da harafin da zai fitar. Mai wayar zai iya buɗe shi ya sauya. Bahaushen da ya gaji da rubuta "kasa" alhali "ƙasa" yake nufi, ba ya bukatar ya jira wani ofishi a Turai ya tuna da harshensa. Zai iya zama da dare ɗaya ya ɗora ƙ da ɗ da ɓ a inda yake so, ya tura wa abokinsa fayil ɗin. Duk harshen da kasuwarsa ba ta kai manyan kamfanoni su waiwaye shi ba, irin wannan ƙofar ce hanyarsa.

Injiniyoyin Nokia sun riƙa sa wa kowane zubi na Maemo sunan wata iska: Mistral, Bora, Chinook, Diablo, sai Fremantle wadda ke kan N900. Wadda ta biyo baya suka kira ta Harmattan, wato iskar hunturun nan tamu da ke tasowa daga Sahara. Ita ce ta zama ta ƙarshe. A Fabrairun 2010 Nokia da Intel suka haɗe Maemo da tsarin Intel mai suna Moblin suka kira haɗin MeeGo, aikin ya yi ta jan ƙafa. A Satumbar wannan shekara Stephen Elop ya baro Microsoft ya zama shugaban Nokia. A Fabrairun 2011 ya rubuta wa ma'aikata wata takarda da ta fita duniya, inda ya kwatanta kamfanin da mutumin da ke tsaye a kan dandalin haƙar mai a teku, wuta ta kama, ba shi da zaɓi sai ya faɗa ruwan sanyi. Ranar 11 ga watan ya sanar cewa Nokia ta koma Windows Phone. Da wayar N9 ta fito a ƙarshen shekarar ɗauke da Harmattan, masu sharhi sun yaba mata ƙwarai, musamman yadda ake sarrafa ta da shafar yatsa ba tare da maɓalli a fuska ba. Amma an riga an yanke mata hukunci tun kafin a haife ta, kuma ba a kai ta manyan kasuwanni irin su Amurka da Ingila da Jamus ba. A 2014 Microsoft ta kammala sayen sashen wayoyin Nokia a kan yuro biliyan 5.44, shekara guda bayan haka ta rubuta asarar dala biliyan 7.6 a kan cinikin.

Ba zan ce da an bar MeeGo da ta kayar da Android ba. Ta makara, kuma cikin gidan Nokia kansa ana ta ja-in-ja tsakanin masu tsohon tsarinta na Symbian da masu Maemo. Abin da zan iya cewa shi ne ba kasuwa ce ta gwada ta ta ƙi ba, a ɗakin taro aka kashe ta. Wasu daga cikin ma'aikatan suka fice suka kafa Jolla, kalmar da ke nufin ƙaramin kwalekwale a harshen Finlan, suka fitar da tsarin Sailfish a 2013, kuma yana nan da rai.

Irin wannan ƙaddara ta faɗa wa kamfanin Palm. Wayarsu Pre ta 2009 tana buɗe wa mai ita ƙofar masu gini idan ya rubuta wata doguwar kalma da aka aro daga tsoffin wasannin bidiyo na Konami, kuma kamfanin bai yaƙi masu yi mata kwaskwarima ba. HP ta saye shi a 2010 a kan dala biliyan 1.2, ta watsar da na'urorin a Agustan 2011. Tsarin nasu, webOS, yau yana cikin talabijin ɗin LG. Canonical ta nemi jama'a su tara mata dala miliyan 32 a 2013 don wayar Ubuntu Edge, ta samu ƙasa da miliyan 13, ta kuma bar harkar waya a 2017. Mozilla ta gwada Firefox OS a kan wayoyi masu araha, ta janye, sai KaiOS ta tsiro daga kututturenta a kan ƙananan wayoyi masu madannai.

Wani zai ce, ai Android ma Linux ce, kuma rubutunta a buɗe yake, tana kan kusan wayoyi bakwai cikin goma a duniya, ashe buɗaɗɗiyar manhaja ta yi nasara ke nan. A nan ne batun ya fi ciwo. Farkon Android ya yi kama da abin da muke magana a kai. G1 da HTC ta ƙera a 2008 ta zo da wani kuskure da ya nuna yadda ƙofar take a sake: duk abin da ka rubuta a madannai, tsarin yana ɗaukarsa a matsayin umarni a ɓoye, har idan ka rubuta kalmar sake kunnawa ta Turanci a cikin saƙo sai wayar ta mutu ta taso. Nexus One ta 2010 ana buɗe makullinta da umarni ɗaya. Steve Kondik ya fara CyanogenMod, wani zubin Android na masu sa-kai, a 2009, kuma zuwa ƙarshen 2013 an ɗora ta a kan wayoyi sama da miliyan 10. Amma tun a Satumbar 2009 lauyoyin Google suka aika masa takardar ya daina haɗa Gmail da taswira da kantin manhajoji a cikin abin da yake rabawa. Wannan takarda ta nuna inda iyakar take: harsashin ginin na kowa ne, ɗakunan da ake kwana a ciki na Google ne. Shekara bayan shekara aka riƙa kwashe ayyuka masu muhimmanci daga buɗaɗɗen ɓangare ana mayar da su rufaffen.

Sannan aka zo da mai gadi. Wayar yau tana iya ba wa manhaja shaidar cewa ba a taɓa tsarinta ba, ta hanyar abin da Google ta fara kira SafetyNet, yanzu Play Integrity. Ka buɗe makullin wayarka ka ɗora LineageOS, magajiyar CyanogenMod, sai manhajar bankinka ta iya ƙin tashi. Huawei ta daina ba da lambar buɗe makulli a 2018. A wayoyin Samsung akwai wani ɗan fis a cikin guntun lantarki da ke ƙonewa idan an ɗora tsarin da ba na kamfani ba, kuma ba ya gyaruwa. Babu dokar da ta hana ka, an dai sa abin ya yi tsadar da mai hankali zai haƙura.

Masu wannan tsari suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. A 2009 waya tana ɗauke da lambobin abokai da 'yan hotuna. Yau tana ɗauke da albashin mutum, da katin shaidarsa, da sirrin iyalinsa. Ƙofar da maigida zai shiga ta ita ɓarawo ma zai iya bi, kuma mafi yawan mutane ba su da lokacin koyon tsaron kansu. Na yarda a kulle waya daga masana'anta. Inda na rabu da su shi ne wanda zai riƙe makullin. Wayoyin Pixel na Google kansu sun nuna ana iya haɗa biyun: mai waya ya buɗe, ya ɗora wani tsari irin GrapheneOS, ya sake kullewa da nasa makullin, tsaro bai ragu ba. Tunda hakan yana yiwuwa, kamfanin da ya hana ba tsaron mai saye kaɗai yake dubawa ba. Wayar da ba za a iya sabunta ta ba bayan shekara uku, wata sabuwa za a saya.

Masu kewar ma akwai abin da suke mantawa. Waɗancan wayoyi ba su taɓa zama a buɗe gaba ɗaya ba. A cikin kowace waya akwai wata ƙaramar kwamfuta ta biyu da ke magana da turken sadarwa, kuma ko a FreeRunner wannan ɓangare a rufe yake. A N900 manhajar da ke kula da cajin batir da wadda ke tuƙa guntun hoto duk sirrin kamfani ne, abin da ya wahalar da masu son raya ta daga baya. Wannan ita ce babbar matsalar har gobe. Kwamfutoci suna da tsarin tashi iri ɗaya da kowa ya sani, shi ya sa faifan Linux ɗaya zai tashi a kan dubban nau'o'i. Waya kuwa kowace da nata gini, kuma mai ƙera guntu, Qualcomm ko MediaTek, yana ba da direbobinsa, wato manhajojin da ke tuƙa guntun, a rufe, ɗaure da wani tsohon zubi na Linux. Ranar da ya daina sabunta su, wayar ta tsaya a nan ko da lafiyarta ƙalau. Kafar cajin N900 ma ta yi ƙaurin suna wajen ɓallewa daga allon ciki. Kuma jama'ar da ke kewaye da waɗannan wayoyi 'yan kaɗan ne, galibi masu ilimin kwamfuta da rarar lokaci. 'Yancin da sai ka iya rubuta umarni kafin ka more shi bai isa ga kowa ba.

Amma ba sai kowa ya iya ba kafin kowa ya amfana. Ba kowane mai mota ne makanike ba, duk da haka ba wanda zai yarda a sayar masa da motar da aka liƙe bonet ɗinta da walda. Duk wanda ya taɓa zama a benci gaban mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano ya ga abin da hannu zai iya: a ɗaga gilashi da zafi, a sauya kafar caji da ba ta kai ƙwayar shinkafa biyu ba, a busa allo a dawo da wayar da ta sha ruwa. Wannan gwanin, idan aka kawo masa waya mai lafiyayyen jiki wadda manhajarta ta tsufa har WhatsApp ya daina hawa, sau da yawa sai dai ya mayar wa mai ita, ko ya saye ta don kayan gyara. Ƙwarewa ba ta gaza ba, ƙofa aka kulle masa. Mu da wayoyinmu da dama na hannu ne, waɗanda suka riga suka ci rabin shekarun tallafinsu a wata ƙasa kafin su iso, mun fi Bature asara a wannan kulle.

Aikin bai mutu ba. Tun 2017 shirin postmarketOS yake ƙoƙarin ganin waya ta yi shekara goma tana aiki, kuma N900 tana cikin na'urorin farko da ya tashi a kansu. UBports ta ɗauki tsarin waya na Ubuntu Touch daga inda Canonical ta ajiye. Wasu sun farfaɗo da Maemo da sunan Maemo Leste, wata iskar kuma. PinePhone ta fito a 2020 a kan dala 150, da ƙananan makunnai a ƙarƙashin murfi na kashe kyamara da makirufo da layi, ko da yake ita ma ta gaji rauni irin na kakanninta wajen batir da sauri. Tarayyar Turai kuma, daga 20 ga Yunin 2025, ta wajabta wa masu sayar da sabbin wayoyi a ƙasashenta su ba da sabuntawar tsari na aƙalla shekara biyar da kayan gyara na shekara bakwai bayan an daina sayar da nau'in. Mataki ne mai kyau, amma ya tsawaita wa'adin haya ne kawai, bai miƙa makulli ba.

Abin da ya rage a nema a fili yake: duk wayar da kamfani ya daina tallafa wa, doka ta tilasta masa ya buɗe makullinta ya kuma saki direbobinta, don masu iyawa su ci gaba daga inda ya tsaya. Kafin a kai can, mai karatu, idan za ka sayi waya ta gaba, bayan ka tambayi girman batir da kyan kyamara, ka ƙara tambaya biyu: shekara nawa za a ci gaba da sabunta ta, kuma ana iya buɗe makullinta? Idan mai shago bai sani ba, ka bincika kafin ka biya.